Yadda Bakina Ya Tone Hanyar Manjan Mama

Shekarun baya, lokacin da ƙanwata take digiri na biyu a wata makarantar koyon harkokin kasuwanci a Samaru, na yi wani abu da har yau nake jin nauyinsa. Maganar ta wuce tuntuni, an yafe mini, shi ya sa ma zan iya ba ku labarin.

Ni ban yi nisa a boko ba. Daga sakandare na faɗa kasuwar Sabon Gari, ina sayar da kayan roba, su bokiti da baho da jarka. Ƙanwata ce mai karatun gidanmu. Da lokacin bincikenta ya zo, sai ta zaɓi ta yi a kan matan da ke kasuwanci a Sabon Gari, yadda suke samo kaya da yadda suke riƙe sana'a ba tare da wani babban jari ba. Amma makarantar ba ta barin ɗalibi ya fita ya yi wa mutane tambayoyi haka kawai. Sai ya zauna an horar da shi a kan ladubban bincike, ya ci jarrabawa, sannan wani kwamiti ya duba tsarinsa ya amince. Da ta gaya mini sai na yi dariya.

"Yanzu hira da matan kasuwa ma sai an yi mata jarrabawa? Ni da nake yi da su kullum, wa ya ba ni satifiket?"

Mahaifiyarmu tana gefe tana tsince wake, ta ce, "Kai ai da ana ba da satifiket ɗin surutu, da bangon ɗakin nan bai ishe mu ratayewa ba."

Ƙanwata tana buƙatata, domin a kasuwarmu baƙo ba ya zuwa da littafi a hannu ya ce zai yi tambaya. Za a ɗauka ɗan haraji ne, kowa ya kama bakinsa. Sai ɗan gida ya kai ka ya ce wannan tawa ce, sannan a ba ka kujera. Ranar da ta zo yi mini bayani ina cin tuwo.

"Yaya, tsame hannunka daga kwanon nan ka saurare ni."

Ta ce kowace mata sai an gaya mata abin da ake nema, kuma tana da damar ta ƙi, ko ta tsaya a tsakiya. Ta ce ba za a rubuta sunan kowa ba. Ta ce duk abin da aka faɗa amana ne, kuma duk wanda ya taya ta aikin, shi ma amanar ta hau kansa. Na ce na ji. Ta ce, "Yaya, ka ji ko ka yarda?" Na ce duka biyun. Gaskiya hankalina yana kan miyar da ke hucewa.

Cikin matan da na kai ta wurinsu akwai wadda duk layinmu ke kira Mama mai manja. 'Yar kudu ce, amma ta fi ni daɗewa a Zariya, Hausarta kuwa har da zagin da ni ban iya ba. Mijinta ya rasu, da manjan nan ta riƙe 'ya'yanta. A wurina take sayen jarkoki, idan zan tafi masallaci ita ke duba mini rumfa, ranar da ta tafi coci ko wani taro a tsakiyar mako ni nake duba tata. Manjanta ya fi na kowa kyau, kuma ya fi sauƙi. Duk layin an san haka, amma ba wanda ya san dalili.

Da muka zauna, ƙanwata ta yi mata bayani dalla-dalla, sannan ta juyo gare ni. "Yaya, ka ɗan ba mu wuri."

Mama ta ce, "Haba 'yata, ina zai je? Wannan ai ɗana ne. Bar shi ya zauna, ko ƙuda ya kore mana."

Ƙanwata ta sake tambayarta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Na gyara zama a kan jarka kamar wani babban baƙo.

A hirar nan ne Mama ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a kasuwa ba. Akwai wani direban babbar mota da ke kai albasa kudu. Idan zai dawo, motar kusan fayau take dawowa. Shekaru da yawa da suka wuce ta shirya da shi, yana biyawa ta ƙauyensu, 'yan'uwanta su ɗora masa manja kai tsaye daga inda ake matsa shi, ya sauke mata a wajen Shika, ta ɗauko da motar a-kori-kura. Ba dillali a tsakani, ba hannu biyu ba hannu uku. Ta faɗi garin da direban yake lodi, ta faɗi laƙabin da ake kiransa da shi. Da ta gama ta dafa gwiwar ƙanwata ta ce, "Wannan ita ce gonata. Ba ni da wata."

Ƙanwata ta ce, "Mama, a rubutuna ba wanda zai gane ke ce, kuma ba zan sa garin ko direban ba."

Na riƙe maganar na ɗan lokaci, kuma Allah ya sani na ji a jikina. Sai wata rana bayan la'asar muna zaune wurin mai shayi, hira ta biyo ta kan manja. Wani ya ce ai matar nan algus take yi, kala take zubawa, in ba haka ba ta yaya nata zai fi na kowa ja kuma ya fi araha. Aka yi ta dariya. Ni kuwa na ajiye kofi na ce, "Ku ji tsoron Allah. Ni na san yadda take yi." Kowa ya juyo. Na kwashe komai na zuba, har da garin, har da laƙabin direban.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kare ta na yi. Akwai gaskiya a ciki, amma kaɗan ce. Da kariya kawai nake nufi, da na ce ƙarya ne na yi shiru. Abin da na ji daɗinsa shi ne yadda aka zuba mini ido, ni mai bokiti, na san abin da manyan layi ba su sani ba. A wurin akwai wani mutum da ke yi wa wani babban mai sayar da manja a sari aiki. Shayinsa kawai ya sha.

Bayan wasu makonni na ga jarkokin Mama a jere babu komai a ciki. Direban ya daina ɗauko mata. An same shi, an yi masa tayin cika masa mota gaba ɗaya duk dawowa, ya karɓa, ya ce babu sauran wuri. Mama ta zo rumfata, ba ta ko zauna ba.

"Ina 'yar jami'ar nan taku?"

Na ce tana makaranta.

"Ka gaya mata na gode. Na ba ta kujera, na ba ta cikina, ta je ta sayar da ni."

A nan na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko muni. Na buɗe baki na ce, "Mama, ki yi haƙuri, zan yi mata magana." Ko a ranta ba ta kawo ni ba. Na bar ta ta tafi da zargin ƙanwata.

Magana ba ta kwana a kasuwa. Matan da suka yi alkawarin zama da ƙanwata duk suka janye. Wata ta ce mata, "Je ki tambayi littafinki." Ta dawo gida ta baje takardunta a tabarma, ta duba wayar da ta naɗi muryoyin, tana ta lissafa wanda zai iya taɓa ta. Ta ce ko a wurin buga takardu ne wani ya gani, alhali ba ta kai ko shafi ɗaya ba. Ina zaune ina kallonta tana zargin kanta. Mahaifiyarmu kuwa ni take kallo. Can ta ce, "Yau gidan nan shiru. Kai, lafiya bakinka?"

Na ce wa ƙanwata, "Ni ne."

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Yaya, na tambaye ka ka ji ko ka yarda." Daga nan ta fara tattara takardunta, ta ce gobe za ta gaya wa malaminta mai duba aikin. Na ce haba, wa zai sani in ba ki faɗa ba, mu gyara abinmu a cikin gida. Ta ce abin da aka koya musu ke nan, idan amana ta fita dole a sanar, kuma laifin ba nawa ba ne ni kaɗai, ita ce ta bar ni na zauna bayan ta san bai kamata ba. Wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Ta je ta faɗa. Aka dakatar da aikinta na wani lokaci, aka sa ta sake zama horon, aka ce ta koma wurin kowace mata ta gaya mata abin da ya faru, wadda ta so a cire maganarta a cire. 'Yan ajinta suka gama suka bar ta, sai a zango na gaba ta kammala.

Ni kuma na tafi rumfar Mama da safe kafin kasuwa ta cika. Na durƙusa a gaban jarkokin da ni na sayar mata, na gaya mata komai, har da wurin mai shayi. Ta daɗe tana goge ludayin awonta.

"To me suka ba ka?"

Na ce ba su ba ni komai ba.

"Ko shayin ba su biya maka ba?"

Na ce ni na biya nawa.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ka ga, da sayar da ni ka yi, da na ce yunwa ce. Kai kyauta ka bayar." Ta ce in tashi, mutane suna kallo. Ta ce in turo mata 'yarta, wato ƙanwata, ai ta zarge ta a kan abin da ba ta yi ba. Da ƙanwata ta zo ta tambaye ta ko a cire maganarta daga binciken, Mama ta ce a bar ta, ai abin da ake ɓoyewa ya riga ya fita.

Na nemi direban, na roƙe shi, ya ce shi ma iyali gare shi. Na tambayi wasu direbobin da na sani, ba wanda hanyarsa ta bi ta ƙauyensu. Mama ta koma sari a hannun dillalai kamar kowa, manjanta ya zama irin na kowa. Ba ta rufe rumfa ba, Allah ya rufa asiri, amma abin da ta gina da dabararta bai dawo ba.

Abin da na yi wa dariya tun farko, yanzu na san ba don takarda aka yi shi ba. Mutanen da suka tsara horon nan ba su san ni ba, amma sun san akwai irina a kowace kasuwa, mutumin da ba mugu ba ne, yana ƙaunarka ma, sai dai ba ya iya riƙe abin da ba nasa ba. Yanzu idan ɗalibi ya zo ya ce in kai shi wurin wani, nakan kai shi, in gabatar da shi, in koma rumfata.

Ni da Mama muna nan lafiya. Har yanzu a wurina take sayen jarka, ranar Kirsimeti tana aiko mana da shinkafa, da Sallah mahaifiyarmu ta aika mata da nama. Sai dai idan na zo wucewa tana tsakiyar magana da wata, takan tsaya. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta sa mini albarka. Sai na yi nisa nake jin ta ci gaba.