Jinin Malama A-Sake

A bayan idonta ɗalibai suna kiranta Malama A-Sake. Ta san sunan sarai, bai kuwa taɓa damunta ba, don ita ta jawo wa kanta. Duk wanda ya kawo mata sakamakon gwaji, komai kyansa, sai ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dube shi, ta dubi takardar, ta ce, "A sake." Akwai wanda ya yi kuka a bakin ƙofarta, akwai wanda ya rantse ya bar karatun. Yau galibinsu malamai ne a jami'o'i daban-daban, kuma in ka leƙa ɗakunan bincikensu, kalmar nan za ka ji suna jifan nasu ɗaliban da ita.

Farfesa ce a ilimin garkuwar jiki. Aikinta duka a kan 'yan ƙwayoyin nan yake, waɗanda jiki ke ƙerawa ya zuba a jini don su kama cuta su riƙe ta. Tsohon ciwo ne ya kai ta fannin. Tana yarinya ƙyanda ta kwantar da ita da ƙanenta a kan tabarma ɗaya. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. Manya suka ce kwanansa ne ya ƙare, ita ma ba ta yi musu ba. Amma ta so ta san abin da ke cikin jininta wanda babu shi a nasa, kuma tambayar nan ta bi har ta yi furfura.

Ɗakin bincikenta yana saman bene: dogon tebur, fanka mai ƙara, da wata tsohuwar firiza a lungu. Yawancin gwajinsu a faranti ake yi, farantin roba mai ƙananan ramuka a jere. Ana ɗiga ruwan jinin mutum ɗaya a kowane rami, in abin da ake nema yana ciki sai ramin ya koma rawaya. Ramin farko kuwa kullum na mai lafiya ne, shi ne ma'auni, dole ya fito fari tas. In ya sauya launi, farantin duka ya lalace, sai shara. Wannan doka ita ce farkon abin da take koya wa ɗalibi, tun kafin ta tambaye shi sunansa.

Lokacin da ta fara aiki, mutane ba sa yarda a ɗebi jininsu haka kawai ba tare da ciwo ba. Da ta gaji da lallashi, sai ta naɗe hannun rigarta ta ce a ɗiba. Tun daga ranar jininta ya zama ma'auni. Fiye da shekara talatin, duk farantin da aka haɗa a ɗakin nan, ita ce a ramin farko. Da shi aka auna jinin jarirai lokacin da take binciken yadda kariyar uwa ke daɗewa a jikin ɗa, aikin da ya fito da sunanta har ƙasashen waje. Abin da ya yi saura kuma ba ta zubarwa, sai ta rubuta shekara a jikin 'yar kwalba ta jefa a firiza.

Maigidanta, tsohon malamin lissafi, shi ke manna mata filasta idan wurin allura ya kumbura. Yakan ce, "Ni na auri mace, jami'a ta auri hannu. Ko zaman sulhu ba a kira ni ba." Ita kuma sai ta ce, "Malam, ka gode Allah na hagu suka ɗauka." A ransa yana alfahari da ita, sai dai ba ya faɗa a gabanta, wai kada kanta ya ƙara girma.

Ɗalibinta na ƙarshe kafin ta yi ritaya shi ne Dogo, magidanci mai 'ya'ya, mutum mai sanyin magana wanda sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin. Shekaru ya kwashe yana haɗa wani gwaji da zai gano ciwon dajin ɓargo da wuri. A wannan ciwo, iri ɗaya na ƙwayoyin garkuwa ne ke yin yawa a jini ya danne sauran, tun mutum yana yawo da ƙafarsa bai san komai ba. Gwajin Dogo yana kama wannan. Aikin ya yi kyau, saura kaɗan ya tsaya gaban masu jarrabawa, digirinsa da abincin gidansa duk a kansa suka rataya.

Sai ramin farko ya fito rawaya.

Malama ta gani tun daga bakin ƙofa. Ta ce, "Dogo, da girmanka? Hannunka ya taɓa wani abu. A sake." Ya sake, ya fito rawaya. Ta sa ya zubar da ruwan haɗin duka ya dama sabo, ya buɗe sababbin faranti. Rawaya. Ta yi masa faɗan da ba ta taɓa yi wa babban mutum ba, a gaban ƙananan ɗalibai, har ta ce in gaggawar digiri ce ta lalata masa hannu, ya je ya huta. Ya kwashe farantan ya kai shara, kansa a ƙasa.

Wata safiya ta kori kowa ta haɗa farantin da hannunta, a hankali, yadda ta saba. Ta zauna tana jira, hannu ɗaya a tsakiyar bayanta. Ciwon bayan nan ya daɗe yana damunta, ta ɗora laifin a kan kujerar ɗakin, kamar yadda ta ɗora laifin gajiyarta a kan bene. Tana kallo launin ya fara tasowa a ramin farko. Ta san hannunta, ta san bai taɓa komai ba. Nan ne tsoro ya kama ta, tsoro na gaske.

Dogo ya shigo ya tsaya a bayanta. Da ya ga farantin, sai ya ce, "Ranki ya daɗe, na yi tunani. Gwajin nawa ne ba shi da kyau. Tun daga tushe akwai kuskure. Zan janye, in fara daga farko."

Ta juyo ta dube shi. Idonsa ya yi ja, kuma ya ƙi haɗa shi da nata. A nan ta gane cewa ya sani tun farantin farko. Ya sha faɗanta ya yi shiru, yanzu kuma ya gwammace ya zubar da shekarunsa da ya buɗe baki ya gaya wa malamarsa abin da ramin ke faɗa. Abin da ya fi ba ta kunya shi ne yadda zuciyarta ta yi tsalle ta karɓi tayin. Dokarta ce ai: ma'auni ya sauya, faranti ya lalace. Kalma ɗaya za ta faɗa, wadda bakinta ya fi sabawa da ita, ta koma gida a matsayin mai lafiya. Ba wanda zai zarge ta.

Ta ce, "Je ka, sai gobe."

Da la'asar ta tarar da maigidanta a baranda yana gyara ƙafar tabarau da zare. Ta zauna kusa da shi, ta gaya masa komai, ba ta rage ba. Ya dakata da ɗaurin zaren. Can ya ce, "In ɗalibi ya kawo mini amsar da ba na so, nakan bi lissafinsa layi-layi. In ban sami kuskure ba, sai in ba shi makinsa, ko da raina na ɓaci." Ya ajiye tabarau ya riƙe hannunta na hagu, wanda duk tabon allura ne.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta buɗe firiza ta kwaso 'yan kwalaben nan, tun daga na ƙuruciyarta, waɗanda rubutun jikinsu ya kusa gogewa, har zuwa na bana. Da Dogo ya iso ta ce ya jera su a faranti ɗaya bisa shekaru, ya yi musu gwajinsa. Ya yi yadda ta ce. Suka zauna suna jira, fanka tana ta ƙara a kansu.

Ramukan farko suka fito fari tas, layi bayan layi: jininta tana amarya, tana mai goyo, tana sabuwar farfesa. Wajen ƙarshe sai ga wani ɗan launi da sai ka ƙura ido, na gaba ya ɗan fi shi, na gaba ya fi wannan, har zuwa ramin bana, rawaya sosai. Ƙazantar hannu ba ta bin shekaru a jere haka. Gwajin Dogo ba shi da aibu. Ya ma fi yadda suka zata, don ya ga ciwon tun shekarun da take hawa benen nan da gudu.

Ƙananan ɗalibai sun taru a bakin ƙofa. Ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta dubi farantin, ta dubi Dogo. Ta ce, "Ya yi. Rubuta shi."

Dogo ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna girgiza.

Ta ce, "Kai, bari. Da ka janye aikin nan, da mutum nawa ka sa sun yi ta zagin kujera kamar ni? Wannan farantin shi ne babin ƙarshe na kundinka. Ka cire ni daga ramin farko, ka sa ni a layin marasa lafiya. Lamba za ka ba ni kamar kowa, ban da wani ranki ya daɗe."

Asibiti suka tabbatar da abin da farantin ya faɗa, suka sa mata ranar fara magani. Kafin ranar ta sake hawa benen, tana hutawa a hanya, maigidanta yana riƙe da jakarta. Akwai sauran aiki ɗaya: ɗakin ba shi da ma'auni. Ba ta roƙi kowa ba. Dogo da kansa ya ja kujera ya zauna a gabanta, ya naɗe hannun riga.

Ta ɗaure masa roba a dantse, ta laluba jijiya da ɗan yatsa, ta soka allura sau ɗaya. Jinin ya cika 'yar kwalba. Ta rubuta shekara a jikin 'yar kwalbar, ta danna masa auduga.

Ta ce, "Ka riƙa ci kana ƙoshi, ka riƙa barci. Ka gaya wa matarka hannun nan ba nata ba ne ita kaɗai yanzu." Ta miƙa masa kwalbar. "Kuma ranar da ramin farko ya sauya launi, Dogo, kada ka fara da yi wa yaro faɗa."