Bututun da ke ƙwanƙwasa bangon Inna

Shekarar da gwiwoyin mahaifiyarmu suka fara matsa mata, na sa aka ɗora hitar dumama ruwa mai aiki da hasken rana a rufin gidanmu na Karaye. Burina kawai Inna ta daina alwala da ruwan sanyi. Aka jawo bututu daga sama, ya bi ta cikin silin, ya sauka banɗakinta. Ranar farko ta tara hannu a bakin famfo, ta daɗe tana sa mini albarka.

Ba a jima ba ƙara ta ɓullo. Da an buɗe ruwan zafi sai bututun ya kama gurnani, da an rufe kuma sai a ji ƙwas-ƙwas, kamar baƙo na buga ƙofa. Har Inna takan amsa, "Wane ne? Shigo mana."

Wanda ya haɗa aikin ya koma Kano, wayarsa ba ta shiga. Na ƙara ɗaure kan famfon, na sauya masa roba, ƙarar tana nan.

Wata ranar kasuwa yayana ya zo daga Ruwan Bago, inda yake noma. Da ya gaida Inna ya shiga banɗakinta wanke hannu, ya ji ƙarar, sai ya fito yana dariya.

"Kai hau silin," in ji shi. "Ni zan riƙa buɗewa ina rufewa. Inna, ke kin fi mu sanin inda yake bugawa."

Na hau da fitilar waya, ina rarrafe cikin zafi. Yaya yana murɗa famfo, Inna kuma tana ɗaga murya daga kan tabarmarta: "Ba nan ba, ɗan nan. Matsa wajen taga."

A saitin tagar na same shi. An bar bututun kwance a kan katako babu abin da ya riƙe shi, da an tsayar da ruwa sai ya yi tsalle ya daki katakon. Yaya ya yanko tsohon tiyub ɗin babur ya miƙo mini, na naɗe wurin, na kafe da ƙusa. Bugun ya tsaya.

Saura gurnani. Yaya ya ce haka injin ban-ruwansa yake yi in iska ta shige shi. Muka buɗe duk famfunan gidan a lokaci guda, muka tara bokitai. Bututun ya yi ta tari, ya fesa wa Yaya ruwa a gaban riga, sannan ruwan ya miƙe sumul. Abin da muka tara muka juye wa zogalen Inna.

Rabona da yin aiki tare da Yaya tun muna yara a gona. Muka zauna a gindin zogalen, ni duk yanar gizo a kai, shi rigarsa na bushewa a igiya, Inna ta turo mana kwanon dambu. Sai bayan la'asar ya tayar da babur ɗinsa.