Ciyawa a Ƙofar Gidan Inna Kande

Har gobe ban manta da ranar da Inna Kande ta zo duba hoton ƙauyensu a shagona ba. Alhamis ce, cikin daminar bara waccan.

Ni mai rubuta allon shaguna ne a Ƙanƙara, kuma da fentin gwangwani na saba, wanda ka shafa da safe ya bushe kafin la'asar. Da girma ya fara kama ni sai na ɗora wa kaina koyon zane da fentin mai a wajen Malam Sule, tsohon malamin zane na sakandare da ya yi ritaya. Shi wannan fentin a 'yan kwalaye yake zuwa kamar man goge baki. Ana shafa shi a yadi mai kauri da aka ɗaure a katako, a fara da launi mai duhu a bi da mai haske, kuma yakan yi kwanaki bai bushe ba. Ni ga ni da gaggawa, don haka kullum cikin faɗa muke da Malam.

Aikina na farko da fentin mai shi ne na Inna. Rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyensu da ke yamma da Faskari, kuma ba ta da hoton garin ko ɗaya. Ɗanta ya kawo ta, ya ce idonta ya fara rauni, tana so ta sake ganin gida tun tana iya gani. Ta zauna a benci ta yi ta lissafo mini, ni kuma ina zanawa da fensir: dutsen da ke bayan gari, rumbuna uku a kan duwatsu, ɗorawa a hannun dama, sai zaurensu.

Na yi mako biyu a kai. Da na zo ƙarshe na ga ƙasan hoton ya yi mini fayau, sai na zuba koriyar ciyawa shar tun daga bakin hanya har ƙofar zaure, irin na kalanda. Wallahi har na fara jin kaina.

Ranar da ta dawo dubawa, Inna ta matso da fuskarta dab da yadin, ta daɗe tana kallo. Sai na ga tana share ido da bakin mayafi.

"Ɗan nan, mi nike gani? Har a hoton ma mun tashi?"

Na ce, "Inna, ai ga gidanku nan tsaye."

"Gidan da ciyawa ta ci ƙohwarshi? Wannan kufai ne. Shekara arba'in ina sharar wurin nan, ko tsinke ban bari ya kwana ba."

Ni ma ɗan ƙauye ne, na san ƙofar gidan da ake shiga ana fita ba ta ciyawa, amma son burgewa ya rufe mini ido. Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Malam Sule da ke gefe ya miƙo mini wuƙar fenti. "Kullum kana ƙorafin ba ya bushewa. To yau ka gode wa Allah."

Na kankare koren nan tas, na haɗa jar ƙasa da ɗan fari na shimfiɗa. Inna ta ce bai yi ba tukuna, babu sawun tsintsiya. Ta kama hannuna da buroshin a ciki, ta riƙa ja daga ƙofar zaure zuwa waje, a hankali, yadda take yi kowace safiya. Hannunta na rawa, layukan suka fito a karkace. Ban gyara ko ɗaya ba.

Da ta gama ta ja da baya ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Yawwa. Yanzu akwai mutane a ciki."

Ku masu tasowa a sana'ar nan, abin da na koya ke nan. Wanda ya kawo muku garinsu ba ado ya zo nema ba. Ku tambaye shi, ku sake tambaya, don shi ya san inda ƙafa ta taka.