Rebiziyon ɗin Treichville

Shekarun baya, wata Asabar bayan la'asar, waɗanda ke wurin da abin ya faru su ne ni, da autana ɗan jami'a, da abokansa uku, da matar mai wurin, sai direban tasin da ya kai ni.

Ban taɓa shiga aji ba, amma duk unguwarmu ta Adjamé Liberté an san ni da sa ido. Ko ɗan maƙwabta ya canza tafiya sai na gani. Nawa kuwa duk Asabar sai ya ce ya tafi rebiziyon a Treichville. Na tambayi wata mai boko, ta ce bitar karatu ke nan da Faransanci. Sai in bi shi da addu'a, in je kasuwa ina cika baki.

Ran nan ya fita bai ci komai ba. Na zuba masa aceke, dambun rogon nan, da kifi a kula, na ce wa direba ya kai ni inda 'yan jami'a ke rebiziyon. Ya dube ni ta madubi, ya ce, "Hajiya, kin tabbata?" Na ce tuƙi ya fito yi ko tambaya.

Ashe sunan da ɗalibai suka laƙaba wa wata mashaya ne. Yaron bai taɓa yi min ƙarya ba, ni ce na tsaya a fassara.

Na tarar da kwalabe jere a tebur, ba a kwashewa, wai don a ga wanda ya fi sha. Ɗaya yana kwance a ƙasa yana wani irin minshari, sauran na dariya. Autana ya yunƙura zai miƙe, ƙafa ta ƙi. Ban yi faɗa ba. Na kwantar da mai minsharin ta gefensa kada amai ya shaƙe shi, muka ciccibe shi da direba sai asibiti. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da gawa za mu kawo.

A bakin asibitin autana ya ce, "Inna, kowa ma haka yake yi."

Na ce, "Kowan nan, uwarsa ta san inda yake?"

Bai sake komawa ba, ya gama karatunsa. Amma har yau in na tuna addu'o'in da na raka shi da su, jikina yakan yi sanyi.

Washegarin waccan Asabar ɗin da safe na sa shi gaba ya nuna min gidajen abokansa. Na fara da uwar wanda ke asibiti, a unguwar Saint-Michel. Ta shimfiɗa min tabarma, ta hau ba ni labarin ƙoƙarin ɗanta a karatu. Na bari ta gama, sannan na ce ta ɗauko mayafinta mu je asibiti.