Makulli Uku a Tafin Hannu

A bakin kasuwa, kusa da mai gyaran agogo, akwai wani dattijo mai yankan makulli. Siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa. Ko babu aiki, hannayensa biyu suna kan tebur inda kowa zai gan su. Ina jin wani wuri ne ya koya masa haka.

Ina zaune ina jiran nawa, sai ga wata mata da makullin gidanta. Mai agogo ya rage murya, amma ba sosai ba: "Baiwar Allah, shekara tara fa ya yi a gidan yari."

Dattijon ya ji, bai ɗago ba. Duk da haka matar ta miƙa masa makullin.

Yankan farko bai fita daidai ba, ya sake wani. Da ya gama, ya zuba mata duka ukun a tafin hannu.

"Baba, wannan lalataccen fa? Jefar da shi mana."

"A'a 'yata, tafi da abinki. Makullin gidan wani ba ya kwana a wurina."

Shekara tara alƙali ya yanke masa, ya kuma cinye su. Namu hukuncin ne ban san ranar ƙarewarsa ba.