Ƙahonin Laka a Gonar Kawu Garba

Illela, Juma'a da asuba

Liman na sallamewa na zari takalmi na nufi tasha, ko koko ban tsaya sha ba. Wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke raba ni da koko ba.

Maganar gonar Kawu Garba ce, ƙanen mahaifiyata, can Gidan Katta. Ruwan sama ya zaizaye gefenta, wasu bututai na laka sunka fito, kowane ya kai kamu ɗaya. Wani ya ɗauki hoto ya sa a waya. Kafin mako ya zagayo, wani ɗan iska da bai taɓa taka Illela ba ya haɗa hoton da guntayen fim ɗin Turawa, ya aza murya mai ban tsoro. Wai ƙahonin da Bani Isra'ila sunka busa garun Yariko ya faɗi ne, wai inda suke nan Akwatin Alkawari yake, zinariya zalla, wai duk yana rubuce a littafin Kirista. Samari sunka wasa diga. Gero kuwa ya fid da kai, kuma shi ne cin gidan Kawu na shekara. Da ƙyar maigari ya roƙe su su dakata zuwa Asabar.

Tunda da littafin Kirista sunka kafa hujja, na ce mai littafin zan ɗauko. Bulus ke nan, abokina tun sakandare, yanzu Dokta ne mai koyar da Littafi Mai Tsarki, kuma ya zo Sakkwato taron coci.

Gwadabawa zuwa Kware

Motar da na shiga ta girmi direbanta. Mu takwas da buhunan albasa, har numfashi bi da bi muke yi. A shingen Gwadabawa jami'i ya leƙo ya ce, "Mi kaka ɗauke da shi?" Na ce, "Tashin hankali, yallaɓai." Ya ce wannan ba a biya mai kwastan. Kafin Kware ma direba ya nuna min bidiyon, ya ce shi ma gobe da shebur zai je.

Sakkwato

Bulus bai fito taro ba sai la'asar. Yana ganina ya ce, "Sada maƙaryacin aji! Wa ka cuta kuma?" Na miƙa mai wayar. Ya yi dariya har ya cire tabarau, amma da na ambaci geron Kawu sai ya mai da shi. Ya ce da safe mu kama hanya. A masaukin cocin na kwana, matar fasto ta shimfiɗa min tabarmar salla, ta kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ce idan haka kuke ci, ku daina gayyatar irina, kar a rasa ni a masallaci.

Gidan Katta, Asabar

Hantsi munka sauka Illela, munka hau baburan kabu-kabu biyu. Muna isa na ga taro bakin gonar kamar ranar kasuwa, har da mai tuyar awara. Kawu na tsaye gaban geronsa da sanda. Habu, jagoran masu diga, ya dube mu ya ce, "Wanga na malamin? Ina rawaninai?"

Bulus ya durƙusa ya gai da maigari, sannan ya ɗauki bututu ɗaya ya jujjuya. Ya ce, "Samari, labarin Yariko yana cikin littafinmu, gaskiya ne. Amma ƙahonin raguna aka ce, ba na laka ba. Akwatin kuma littafin bai faɗi inda ya ƙare ba. Mu da muka tsufa a kansa ba mu sani ba, sai mai fim?"

Habu ya ce, "Ku dai kuna ɓoyewa don ku dawo da dare."

Bulus ya miƙa mai bututun ya ce, "To busa. In na gaske ne, ga katangar maigari nan." Maigari ya ce a'a, a dai juya wajen juji. Habu ya cika kumatu ya busa. Ƙasa da wani tsohon gizo-gizo sunka fito ta gaba, sai wani sauti da ba zan rubuta ba saboda manya na karantawa. Mai awara ta faɗi zaune don dariya.

Sai Bulus ya nuna musu bakin bututun, baƙi, ya narke kamar kwalba. Ya ce da shi kakanninmu ke zuga iska cikin matoya suna narka tama su fid da ƙarfe, ya ga irinsa lokacin da ya bi masu binciken tarihi tono yana ɗalibi. Na fara numfashi. Ashe malam bai gama ba. Idonsa ya kawo haske, ya ce, "Kai, wannan wuri ai babban abu ne, lallai a tona shi!" Diga goma sunka tashi sama. Na taka mai ƙafa har sai da na ji ƙashi.

Ya yi wuf ya ce, "Bayan girbi! Kuma da cokalin magini da buroshi, yatsa ɗaya a wuni, shekara da shekaru, a ƙarshe a samu gawayi da kashin ƙarfe. Wa zai ba da sunansa?" Habu ya ce, "Biya fa?" Bulus ya ce, "Godiya." Kafin azahar ko ɓera babu a bakin gonar.

Kawu ya zauna daɓas a kan kunya, ya riƙe hannun Bulus. Sannan ya ce a kawo wa baƙo fura.

Gida

Na raka Bulus tasha yana ɗingishi yana zagina, na sa shi gidan gaba. Magariba na shiga gida. Godiya ga Allah da ya kai mu ya maido mu lafiya, godiya ga Dokta da matar fasto. Gero na nan tsaye, ko kara ɗaya bai karye ba.