Saƙon Baba Tela Zuwa Neustadt

Shekara shida muka yi a ɗaki ɗaya da Baba tela a unguwar Ulaisha, can ƙasa mai tsarki. Ni direba ne, ina tuƙa wani likita ɗan ƙasarmu. Shi kuma yana ɗinki a wani shago a kasuwar Batha, yana rage tsawon jallabiyoyi yana sa maɓalli. A duk zaman nan ban taɓa jin sunan 'yarsa a bakinsa ba. 'Yar fari ce, shi kuma mutumin da ne, sai dai ya ce "yarinyar nan". Yarinyar nan ta bugo waya, yarinyar nan ta ce sanyi ya sauko musu. Na san tana aikin jinya a Jamus, na san mahaifiyarta ta rasu. Ban taɓa tambayar sunan ba, don ba a matsa wa dattijo a kan abin da yake jin kunya.

Da ciwo ya kwantar da shi a asibiti, na je duba shi bayan la'asar. Ya ce a akwatinsa akwai Alƙur'aninsa da wani ɗan gwangwanin alawa, 'yan kunnen matarsa na ciki. Ya karɓi birona, ya rubuta kalma ɗaya a bayan takardar magani: Neustadt.

"Ka ga sun isa hannun yarinyar nan," ya ce. "Amana ce."

Na ce to, Baba. Na so in tambayi sunan a lokacin, nauyi ya hana ni. Na ce a raina gobe. Washegari ba ya gane kowa, kwana biyu bayan haka ya cika.

Wayarsa a kulle take, kuma ta tafi ofishin kafilinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, tare da iƙama, katinsa na izinin zama. Lambar ƙaninsa ta gida da nake da ita ba ta shiga. Duk da haka ban tsorata ba, tunda ga sunan gari a hannuna. Ranar da na samu hutu na naɗe kayan a sabon tawul, na tafi wani shagon aika kaya a Batha.

Mai shagon wani Basudane ne mai furfura a gemu. Ya buga kalmar a kwamfuta, sannan ya juyo da fuskar allon wajena. Sunan nan ne a jere, layi bayan layi, ya ja ƙasa ya ja ƙasa bai ƙare ba.

"Wacce daga ciki, ya Hajji?"

Na ce ta Jamus. Ya ce kusan duk na Jamus ne, har a Ostiriya ma akwai wata. Ya ce to mu bar gari, in faɗi sunan mai karɓa. Na ce ban san sunan ba. A bayana mutane sun yi layi da kwalayensu, wani har ya fara tsaki.

"Ba gari, ba suna," in ji mai shagon. "Ko in ba direban jirgi ya riƙa tambaya a hanya?"

Aka yi dariya. Na roƙe shi ya bar ni in kwafe jerin. A aji shida na tsaya a makaranta, rubutun nan kuwa haruffansa a cunkushe suke, na daɗe ina kwafa a tsaye. Kowane suna da wata jela a bayansa, wasu kalmomi biyu ko uku. Baba bai rubuta jela ba.

Daga ranar kaina bai sake zama daidai ba. Takardar na aljihuna, in na tsaya a danja sai in fito da ita in duba, kamar wani layi zai ɗaga mini hannu. Sau biyu na mance raka'a a sallar azahar. Rannan an aike ni ɗauko baƙo a Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, na wuce kwanar da na fi shekara goma ina shiga. Abin da ke cina shi ne, mutum ya ba ni amana yana kan gadon mutuwa, na amsa, ranar gobe me zan ce masa?

Likita ne ya lura, ya tambaye ni ko lafiya. Na miƙa masa takardar. Ya duba a wayarsa, ya ce ma'anar kalmar sabon gari ce, ba wani abu ba.

"Kamar a ba ka saƙo a ce ka kai Sabon Gari ne. Na Kano ko na Zariya?"

Na ce ranka ya daɗe, ai wannan mai sauƙi ne, a gida tasha za ka je ka ce kana neman 'yar gidan tela mai aikin asibiti, kafin magariba an kai ka ƙofar gida. Na tambaye shi ko garuruwan nan suna da sarkin Hausawa. Ya yi dariya har da cire tabarau.

Na zube masa duk abin da na tuna. Na ce garin akwai sanyi, ya ce duk akwai. Na ce da jirgin ƙasa take zuwa aiki, ya ce duk haka suke. Na ce in ta bugo waya ana jin ƙararrawar coci, ya girgiza kai. Na tuna wani hoto da Baba ya nuna mini, akwai ruwa a bayanta. Likita ya ce wata a bakin teku take, wasu a bakin kogi, wata a gefen tafki. Jelar nan ma yawanci sunan ruwan ce ko na yankin, da ita suke bambancewa. Na fita daga ofishinsa na fi yadda na shiga ruɗewa.

Wata biyu aka yi a haka. Sai mai gadin gidanmu ya ce za a kawo mini sabon abokin zama, in kwashe abin da ke ƙarƙashin gadon Baba. Akwai wani kwali a wurin, wanda muke zuba albasa a ciki. Na jawo shi, sai na ga takarda manne a gefen da ke kallon bango. Kwalin da ta aiko masa da safa da man zafi na gwiwa ne, wata shekara da sanyi. Ga sunanta, ga titi, ga Neustadt da jelarta, ga lambar waya. Kullum sai na sa hannu a kwalin nan in zan yi miya.

Ko a nan zuciyata ba ta kwanta ba, na ce in ta tashi daga garin fa? Likita ya buga lambar, ta ɗauka, ya miƙo mini. Na yi mata ta'aziyya. An sanar da ita rasuwar tuni, amma ba ta san ya bar mata komai ba. Ta ce tana nan ba ta tashi ba.

Na koma wajen Basudanen nan da guntun kwalin, yana warin albasa. Sau uku na sa ya karanta mini abin da ya buga, ina bin takardar da yatsa.

Bayan mako biyu ta kira ni da hantsi, ta ce kaya sun iso, 'yan kunnen ma suna kunnenta. Sannan ta ce, "Kawu, in tambaye ka mana. A zamanku ya taɓa kiran sunana?"

Na rasa wacce amsa ce za ta yi mata daɗi, ga shi ba na son ƙarya. Na ce ko sau ɗaya.

Na ji ta ja hanci, sai kuma ta yi 'yar dariya. Ta ce, "To shi ne Babana."